Lambunan gargajiya na Suzhou: a je, ko a bar wa 'yan yawon buɗe ido?

Alhaji Na-Kwari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ƙarshen Oktoba in Allah ya yarda zan shiga Keqiao duba yadi, daga can in dawo Shanghai in hau jirgi. Tsakanin gama lodi da ranar tashi akwai 'yar rarar lokaci. Mai masana'antar da muke hulɗa da shi ya matsa min sai na je Suzhou na ga lambunansu na dā, har yana cewa wanda bai gan su ba bai ga ƙasar Sin ba. Ni kuwa da na ji lambu, latas da kabeji suka faɗo min a rai. Waɗanda suka taɓa zuwa, me ke ciki? Ya kai a ba shi yini guda, ko in kwanta in huce gajiya?

Wakilin Gwanzu: Wa alaikumus salam. Alhaji ka kwanta abinka. Dutse ne da ruwa da jajayen kifaye, sai jama'a ba masaka tsinke. Na sha raka baƙi irin wuraren nan, kowa sai ya fito yana tambayata, "To ina abin da muka zo gani?"

Hajiya Maman Hanifa: Ni ma dai bayan Wakili nake bi. Motar 'yan yawo muka shiga daga Shanghai, aka haɗa mu da wata 'yar jagora mai tuta da lasifika. Gudu-gudu ta ratsa da mu babban lambun, ko ina ka tsaya ɗaukar hoto akwai kafaɗar wani a gabanka. Daga nan aka sauke mu a wani shagon siliki, kuma wallahi zaman da muka yi a shagon ya fi na lambun tsawo. Ƙafa ta yi ciwo, aljihu ya yi ciwo.

Ummi a Nanjing: Baba Alhaji barka da dare. Ni zanen gine-gine nake karantawa a nan Nanjing, kuma Suzhou ajinmu ne na biyu, can ake tura mu aune-aune. Don Allah kada a yanke hukunci tukuna.

Abin da ya sami Hajiya shi ke samun kusan kowa, domin an ɗauki wurin a matsayin filin shaƙatawa na gwamnati, alhali gidan mutum ne. Kusan kowane ɗaya daga lambunan nan bayan gidan wani mai hali ne, an gina shi don maigida da iyalinsa da 'yan abokai ƙalilan da za su zo shan shayi, a yi waƙe, a duba zane. Hanyoyin ciki an yi su ne daidai tafiyar mutum biyu. To ka zuba dubban mutane a ciki rana ɗaya, me kake jin zai rage?

Hikimar ginin kuwa ita ce ba a yarda ka ga wurin gaba ɗaya lokaci guda ba. Baranda ba ta miƙewa, sai ta karya ta sake karyawa. Katanga na tare maka ido, amma an huda mata tagogi, kuma da wuya ka sami biyu masu ado iri ɗaya. Ta wannan ka hango gora, taku uku gaba ta waccan ka hango ruwa, ka ɗauka wani wuri ne dabam, ashe tafkin da ka baro ne ka gani ta wata fuska. Farar katanga ma ba don kyau kawai ba ce, ita ce takardar, inuwar ganye da ke faɗuwa a kanta ita ce zanen. Akwai rumfar da aka dasa ayaba a gefenta ba don a ci ba, sai don a zauna a saurari yadda ruwan sama ke dukan ganyen. Wanda aka ja shi da gudu a bayan tuta ba zai ga ko ɗaya daga wannan ba.

Wakilin Gwanzu: Ƙanwata, a dasa ayaba don a ji ƙarar ruwa? Lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa.

Magini Ɗan Damagaram: Wakili bar dariya, ni maganar Malama Ummi ta shige ni. Ai mu ma a tsofaffin gidajen Birni haka ake yi: ka shiga zaure, ƙofar gaba ba ta kallon ta baya, sai ka karkata ka faɗa wani soro, ka sake karkata, kafin ka isa tsakar gida. Mu don sutura muke yi, kada baƙo ya hango mata. Su kuma don me?

Ummi a Nanjing: Kawu ka gano kan zancen. Su don su ja wa ido rai suke yi. Mafi kyawun misali shi ne mashigar lambun Liu Yuan. Daga bakin titi za ka faɗa wani siririn lungu mai duhu-duhu, yana lanƙwasa, nan da can ɗan fili kaɗan da itace ɗaya da haske na sauka ta sama. Sai ka fara cewa a ranka an cuce ka kuɗin tikiti. Kwatsam sai tagogi su fara nuna maka ruwa, ka juya kwana ka ga tafki da tudu da rumfuna a buɗe. Filin ba wani girma gare shi ba, matsin da ka fito daga ciki ne ya sa ya yi maka faɗi.

Akwai kuma dabarar da suke kira aron gani. A babban lambun, Zhuozheng Yuan, akwai inda za ka tsaya gabashin tafki ka dubi yamma, sai ka ga wata hasumiya mai hawa tara ta tsaya daidai ƙarshen ruwan tsakanin itatuwa. Kowa yana ɗauka ta lambun ce. Ba tasu ba ce, tana can cikin gari da ɗan nisa, kawai an bar mata gurbi ne a tsakanin bishiyoyi. Har yau an hana dogayen gine-gine a tsohon garin Suzhou, shi ya sa ba wani bene da ya tsaya a gabanta.

Alhaji Na-Kwari: 'Yata Allah ya yi miki albarka, kin fara karya min gardama. Amma duwatsun da Wakili yake faɗa fa? Na ga hotonsu a wayar mutumin nan, duk huji, ba su da fasali.

Malam Mai Tarihi: Ranka ya daɗe, a kan duwatsun nan in ka ba ni dama zan yi ɗan tsawo, don labarinsu ya fi na furannin.

Daga tafkin Taihu ake samo su, yamma da Suzhou. Farar ƙasa ce da ruwa ya daɗe yana ci har ta zama ramuka da ƙofofi. Masana dutse na Sin abu huɗu suke nema: ya zama siriri, ya zama da tamoji, ramukansa su haɗe ta ciki, kuma haske ya ratsa shi. Wato abin da Alhaji ya kira rashin fasali shi ne kuɗin. A Liu Yuan akwai guda ɗaya da ya haura mita shida, an gina masa tsakar gida tasa da ɗakin da ake zama a kalle shi.

Son duwatsun nan ya taɓa taimakawa wajen rusa daula. Sarki Huizong na daular Song, gwanin zane ne na gaske amma mulki ya fi ƙarfinsa, ya sa a gina masa wani ƙaton lambu a babban birninsa Kaifeng. Aka naɗa wani mutumin Suzhou mai suna Zhu Mian ya riƙa tara masa duwatsu da itatuwa. In aka ga dutse mai kyau a gidanka sai a liƙa masa alamar sarki, a fasa katangarka a fitar da shi. Jiragen ruwa suka yi ta jigila zuwa arewa, inda gada ta hana wucewa a rushe ta. Wannan zalunci na cikin abin da ya tunzura tawayen Fang La a 1120. Da mayaƙan Jurchen suka kewaye Kaifeng, mutanen gari suka farfasa duwatsun lambun suna harbawa da majajjawar yaƙi, suka sare itatuwan suka yi makamashi. A 1127 aka kama sarkin aka tafi da shi arewa, can ya mutu.

Wakilin Gwanzu: Yauwa Malam! To kun ji. Wato kuɗi za mu biya mu je kallon abin da aka ƙwace wa talakawa.

Malam Mai Tarihi: A'a Wakili, kada ka haɗa su. Na Huizong babu shi, ya tafi da daularsa. Waɗanda ke Suzhou na masu zaman kansu ne, yawancinsu daga zamanin Ming da Qing.

Magini Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, amma tambayar Wakili ba ta mutu ba. Waɗannan masu zaman kansun su waye? Na ji an ce duk manyan ma'aikatan sarki ne da suka ajiye aiki. Ma'aikaci ya yi ritaya ya gina kadada biyar da tafki a tsakiyar birni, a ina ya samo?

Malam Mai Tarihi: Tambaya ce mai kyau, ba kuma zan wanke su tas ba. Albashin ma'aikaci a zamanin Ming ƙanƙane ne ƙwarai, ba ya gina irin wannan. Wanda ya ci jarrabawar sarki ya sami muƙami yana samun sassaucin haraji da na aikin dole, yana tara gonaki, kyaututtuka kuma na shigowa ta ƙofar gaba da ta baya. Suzhou a lokacin tana cikin mafi arzikin ƙasar, ga shinkafa ga siliki, kuma ita kaɗai takan biya kusan kashi ɗaya cikin goma na harajin hatsin daular. Manomi ne ke ɗaukar nauyin. Abin dariyar shi ne, mai lambun zai zauna a rumfar da ta ci dukiya yana rubuta waƙar cewa shi ya guje wa duniya, talakan manomi ne ko masunci.

Wang Xianchen, wanda ya fara Zhuozheng Yuan wajen 1509, mai binciken ma'aikata ne a fadar Ming, al'amura suka cakuɗe masa ya dawo gida. Abokinsa Wen Zhengming, babban mai zane na Suzhou, ya zana wurare 31 na lambun a 1533. Kuma ana ba da labari cewa bayan rasuwar Wang ɗansa ya saka lambun a caca, dare ɗaya ya tafi.

Hajiya Maman Hanifa: Innalillahi. Ko ina dai ɗan gado ɗan gado ne.

Alhaji Na-Kwari: Hajiya ki bari kawai, wannan ta taɓa ni.

Ummi a Nanjing: Amma Malam, ko ma da me aka gina, aikin hannun ai na magina ne da masassaƙa da masu jera dutse waɗanda yawancinsu ba a rubuta sunansu ba. In na tsaya ina kallon daɓen da aka yi da tsakuwa da fasassun tangaran da gutsuren rufin kwano na ƙasa, aka fitar da siffar fure ko tsuntsu, su nake gani, ba Wang ba. Shekara ɗari biyar abin yana nan.

Malam Mai Tarihi: Nan kuma zan ɗan ja da ke, Malama Ummi. Ba shekara ɗari biyar yake nan a haka ba. Lambun Wang da ke cikin zanen Wen Zhengming fili ne mai sauƙin gini, gine-ginen kaɗan, itatuwan marmari da yawa, har da kayan lambu na ci da sayarwa. Kenan latas da kabejin Alhaji ba su yi nisa da gaskiya ba. Bayan haka wurin ya yi ta sauya hannu, aka raba shi gida uku. A 1860 da 'yan tawayen Taiping suka ci Suzhou, kwamandansu Li Xiucheng ya haɗa shi da fadarsa. Yawancin rumfunan da ake gani yau na ƙarshen zamanin Qing ne, sai gyaran da gwamnati ta yi kafin da bayan buɗe shi ga jama'a a 1952. Liu Yuan ma, da aka fara a 1593, sai da sojoji suka mai da shi turken dawaki a lokacin yaƙi da Japan, aka sake tayar da shi a 1953.

Ummi a Nanjing: Ban musa ba Malam. Sai dai ginin katako da farar ƙasa dama haka rayuwarsa take, ana sauya ginshiƙi in ya ruɓe, itace na mutuwa a dasa wani. Abin da ya daɗe shi ne ƙa'idar: ina ruwa zai kwanta, ina ido zai tsaya, me za a ɓoye. Wannan kuwa a rubuce take tun littafin Ji Cheng na 1631 kan gina lambu, kuma da ita ake gyaran har yau. Da ita UNESCO ta duba ta sa huɗu daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya a 1997, ta ƙara biyar a 2000.

Malam Mai Tarihi: Ƙa'ida ta daɗe, na yarda. Amma jagora ya nuna maka kujera ya ce a nan Wang yake zama, wannan ki bar shi da abinsa.

Wakilin Gwanzu: Malamai sun kama, mu 'yan kasuwa sai kallo. Alhaji in dole sai ka ga lambu, ka bari sai ka zo Gwanzu in kai ka Yuyin Shanfang a Panyu. Ƙarami ne, jirgin ƙasa na cikin gari zai kai mu kusa, mu dawo Xiaobei mu ci tuwo.

Hajiya Maman Hanifa: Ashe kai ma kana da naka lambun, kake hana mutane zuwa na wasu.

Wakilin Gwanzu: Hajiya nawa ba a biyan kuɗin otal a kansa.

Abban Shanghai: Sallama jama'a, yanzu na tashi daga aiki na tarar da zaure ya cika. Alhaji, tunda a Shanghai za ka kwana, akwai Yu Yuan a tsohon gari, ba sai ka fita ko'ina ba. Wani babban ma'aikacin Ming, Pan Yunduan, ya fara shi a 1559 don mahaifinsa ya huta a ciki da tsufa, aikin ya ja kusan shekara ashirin. Kadada biyu ne, yana da katangu masu kan dodo da tudun duwatsu mai kyau. Sojan Birtaniya sun taɓa zama a wurin a 1842. Ga masallacin titin Fuyou nan kusa, da ƙafa za ka je ka yi azahar.

Abu biyu kawai. Gadar nan mai karye-karye da gidan shayin tsakiyar ruwa da ake gani a hoto, a waje suke, cikin kasuwa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su koma su ce sun ga lambu, alhali ƙofar tikiti na gefe. Na biyu, in wasu matasa masu fara'a suka tare ka da Turanci, a ɗauke su hoto, daga nan su ce ka zo ku je bikin shan shayi, ka ce musu Allah ya ba da sa'a ka wuce. Takardar kuɗin da za a miƙo maka a ƙarshe ba ta shayi ba ce.

Ummi a Nanjing: Yaya Abba, Yu Yuan na da kyau amma cunkosonsa ya fi na Suzhou, ga benaye sun leƙo ta kowace kusurwa. Ni dai in Baba zai ji tawa, ga yadda zan tsara masa.

Ya hau jirgin ƙasa mai gudu da sassafe, wajen rabin awa ne. Ya tabbata tikitin na tashar Suzhou ne, ba Suzhou ta Arewa ba, waccan ta yi nisa da tsohon gari. Ya fara da babban lambun daidai lokacin buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan yawo su iso, ya wuce sashen gabas kai tsaye zuwa na tsakiya, can ne abin yake. Da ya ji lasifika ta fara yawa ya fita. Gidan tarihin Suzhou na jikinsa, wanda shahararren mai zanen gine-gine I. M. Pei ya zana aka buɗe a 2006, shiga kyauta amma sai an yi rajista tun da wuri, kuma Litinin a rufe yake.

Sannan da yamma ya tafi Wangshi Yuan. Wannan shi ne nawa. Rabin kadada ne kacal, a cikin wani lungu da in ba ka lura ba za ka wuce shi. Tafkinsa ɗan ƙarami ne, amma an ɓoye ƙarshensa a ƙarƙashin duwatsu da wata 'yar gada mai taku uku ko huɗu, sai ka rantse ruwan ya ci gaba wani wuri. Gine-ginen da ke bakin ruwa an yi su gajeru, manyan an ja su baya. Akwai rumfa da aka kafa wa babban madubi don wata ya zama uku: na sama, na ruwa, na madubi. A nan ba yawo ake yi ba, wuri ake samu a zauna. Wata tsakar gidansa ce aka kwaikwaya aka gina a gidan tarihin Metropolitan na Niyok a 1981, magina daga Suzhou suka je suka yi.

Malam Mai Tarihi: A wannan tsakar gidan ne mai zane Zhang Daqian ya zauna da yayansa a shekarun 1930, yayan kuma yana kiwon damisa a ciki don ya riƙa zana ta. Kuma Alhaji, kada ka ɗauka harkar ta ma'aikata ce kaɗai. Shizi Lin, mai tarin duwatsun da ake ɓata a cikinsu, wanda aka kafa a 1342 a matsayin wurin ibadar 'yan Buda, wani attajirin fenti da rini ne daga dangin su I. M. Pei ya saye shi a 1917 ya gyara. Lambunan Yangzhou kuma fataken gishiri ne suka gina su.

Alhaji Na-Kwari: To ashe da namu a ciki. Amma Malam ka ce wurin ibada, ba na son in je in tarar da gumaka ana ƙona turare.

Ummi a Nanjing: Biyun da na faɗa gidaje ne Baba, kujeru ne da rubuce-rubuce da tukwanen fure. Shizi Lin ma ban sa shi a tsarin ba saboda gwiwa: hawa da sauka ne cikin matsattsun koguna, yara ne ke jin daɗinsa. Ko a sauran ka kula da dokin ƙofa, suna da tsayi, tsallakewa ake yi ba a takawa, kuma in an yi yayyafi tsakuwar daɓen tana santsi. Ka sa takalmi mai kama ƙasa.

Abban Shanghai: Abinci kuma ka nemi shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo da rubutun halal, Musulmi ne ke da su, babu unguwar da ba su. Ka riƙe fasfo a jikinka, da shi ake shiga jirgin ƙasa, da shi ake yankar tikitin lambun, kuɗin kuma bai kai yuwan ɗari ba. Ka gode Allah ba makon farko na Oktoba za ka zo ba, hutun ƙasa ne, duk Sin tana kan hanya. Asabar da Lahadi ma ka kauce musu in da hali.

Hajiya Maman Hanifa: Ni a hutun Mayu aka kai ni. Yanzu na gane wanda ya cuce ni.

Wakilin Gwanzu: Duk da haka ina nan a kan bakata. Furen badon da ake yi wa tafkin ado da shi a Yuli da Agusta yake fitowa. Ƙarshen Oktoba busassun kara Alhaji zai tarar a ruwa.

Ummi a Nanjing: Yaya Wakili, da gangan ake barin busassun. Akwai ma rumfar da aka gina don sauraron ruwan sama a kansu.

Wakilin Gwanzu: Na sallama. Mutanen da ke sauraron ayaba ba za a yi gardama da su ba.

Alhaji Na-Kwari: Abba, wasan dare da na ji ana yi a ƙaramin lambun fa, yana nan a lokacin? Kuma akwai jirgin dawowa bayan isha'i?

Abban Shanghai: Yana nan, daga bazara har tsakiyar Nuwamba suke yi. Ana zagayawa da baƙi ɗaki-ɗaki, nan a busa sarewa, can a yi waƙar gargajiyar Suzhou da garaya irin tasu, tikitinsa dabam ne da na rana. Jirgi akwai har dare, amma ka yanki na dawowa tun da safe, kujeru na ƙarewa.

Hajiya Maman Hanifa: Alhaji in ka shiga garin ka tambayo min farashin silikin mayafi a kan mita, na gaske ba gaurayen roba ba. Amma kada ka bari direba ya zaɓa maka shago. Zan turo maka hoton kalar ta waya.